Yadda Munka Hau Dutsen Bagazam da Luba

Ku matan unguwa kun ishe ni. Tun da munka dawo, in na je suna sai a ce, "Inna Tumba, ya ƙasar Buzaye?" In na je gaisuwar mutuwa, ana cikin addu'a wata ta matso ta raɗa mani, "Wai da gaske mazansu ke ruhe huska?" Ke kuwa Ige kin hi kowa. Don jikarki na da irin ciwon Luba, kullum kina bisa katanga kina tambayata hanya. To bakina ya gaji, ga shi na rubuta. Rubutun awa kaji sun yi tono, mai karatu shi yi haƙuri. Da hurhura nik koye shi, kuma Luba ce ta koya mani.

Wanda bai san Luba ba, ɗiyar ɗana Ummaru ce, mai sayen albasa nan kasuwar Illela. Uwarta ta rasu tana goye, ni nir rene ta. Shekarunta ashirin da 'yan kai, tela ce, kekenta na nan zaure. Da amosanin jini anka haihe ta, wanda asibiti suke kira sikila. Mu dai sanyi muke cewa. Sanyin nan ya ci mani ɗiya biyu tun ina da ƙuruciya, don haka ba baƙona ba ne. In hadari ya taso, ko ta yi wanka da ruwan randa, sai ƙashi shi kama, ta kwanta tana cizon zane. Cikin irin wanga kwanciya ne tac ce, "Tsohuwa, maimakon ki zauna kina kallona awa mujiya, ɗauko biro." Tun ran nan ni ce Tsohuwa, ita ce Malama.

Abin da yat tada mu, gyambo ne yah hito mata a idon sawu, ƙahwar da take taka keke, yaƙ ƙi warkewa. Anka kai ta Sakkwato. Likita yac ce ciwon ga ba a raba mutum da shi, sai dai lallaɓawa: a sha magani, a sha ruwa da yawa, a kiyayi sanyi. Luba tad dawo tac ce, "Tun ina yarinya ake lallaɓa ni. Ni lahiya nike so, irin ta kowa. In taka kekena, in yi wanka ba sai an ɗora tukunya ba." Lahiyar nan munka tahi nema, ba yawon ganin gari ba.

Akwai wani Buzu, Agali, direban babbar mota, shi ke kawo ma Ummaru albasar Asbin, can ƙasar Buzaye, in tamu ta ƙare. Mutumin kirki ne, hal gobe ina hwaɗi. Shi yac ce bisa dutsen Bagazam akwai gwaggonshi, Tima, tsohuwa mai magani, da ganyayen da ba su tsiro ko'ina sai can. Yac ce iskar bisa tsab take, ba sauro, ba warin kwata. Munka zauna munka auna, ni da Ummaru da Luba: ciwo na sanyi ne, ƙasar Buzaye kuwa ƙasar rana ce. Mi ya hi wanga dacewa? Ba mu tambayi likita ba. Wa ke zuwa asibiti neman izinin zuwa wurin mai magani?

Ranar tahiya tun bakin iyaka munka ga abu. Wata motar albasa ta karye ta gitta hanya daidai ƙohwa. Bayanta motoci sun yi layi hal ba ka ganin ƙarshe, rana na dukan buhunna, albasa ta hwara ruɓa tana zubar da ruwa. Direbobi na zagin juna, kowa na son shi kutsa, sai ƙara cushewa suke. Ummaru yas sa 'yan kabu-kabu sunka ratsa da mu ta gehe. Nawa ɗan kabu-kabun ko gashin baki bai da, shina gudu awa an biyo shi. Nid dunƙule hannu nib ba shi a gadon baya, nic ce, "Kai, kakarka kaɗ ɗauko, ba jarkar hetur ba."

Can gaba wani jandarma, irin 'yan sandansu na ƙetare, yak karɓi katinmu, yad dube ni yac ce, "Mama, shekarunki nawa?"

Nic ce, "Diba takarda mana, ai ku kunka iya karatu."

Luba tac ce, "Ƙarya take, ta iya. Ni nik koya mata."

Sai yan nuna mani wani allo bisa bango yac ce in karanta. Nit tsaya nih haɗa baƙaƙen ɗaya ɗaya, abin da yah hito bakina ko aljani bai san shi ba. Ashe Hwaransanci ne. Sunka yi ta dariya hal da masu jiran layi. Luba na riƙe da ciki tana cewa, "Kin kunyata ni, Tsohuwa, na kore ki daga aji."

Ƙonni ba sai na ba ku labari ba, rabinku can kunka yi aure ko can kunka auro. Daga nan munka shiga babbar motar nan da suke kira kar. Kowa da kujerarshi da lamba, ba a ɗora maka buhun wani bisa cinya, wanga kam sun hi mu. Amma sun kunna wani sanyi na inji awa ɗakin ajiyar gawa. Nil lulluɓe Luba da zanena biyu, nik kira yaron motar nic ce a kashe. Yac ce sauran mutane zahi suke ji. Nic ce, "Sauran mutane ba su da amosani." Yab ba mu kwali munka toshe ramin da ke bisa kanmu.

Ga wani abu da ban lura da shi ba sai daga baya. Motar ba ta tsayawa sai inda direba yas so, kuma in ta tsaya, wuce Tawa ƙasar ba ta da inda mace za ta ɓuya. Hili ne hetal, maza na gehe suna alwala. Luba budurwa ce, kunya ta hana ta. Sai ta daina shan ruwa don kada hitsari shi matse ta. In na miƙa mata gora ta jiƙa leɓe ta maido. Nic ce, "Malama, likita yac ce ki sha." Tac ce, "Likita ba shi za shi tsuguna gaban mutane ba."

Daga Abalak zuwa Agadas, an ce da can akwai kwalta. Ni dai gawarta nig gani. Direba shi kanshi ba ya hawa, gehenta yake bi cikin rairayi. Haƙarƙarina duk sun san juna. Kusa da ni wata Hajiya 'yar Tawa mai sayar da turare, baki gare ta awa rediyo, tun daga tashar Tawa take ba ni labarin surukanta. Ita tab ba ni cuku, wato busasshen nono da suke yi hwalle-hwalle. Ban san ana jiƙa shi ko a daka ba, nis sa mashi haƙori. Turmin da yar rage mani guda na dama, nan yat tsage. Hajiya tac ce, "Ayya, ai ba a gaya maki ba?" Nic ce, "Wa za shi gaya mani, ke da ba ki numhwasa ba tun Tawa?" Bayanmu kuma samari ne cike, wasu za su haƙar zinari, wasu Libiya. Ɗaya ɗan Gwadabawa ne, yaj ji Hausata yaz zo yad durƙusa yag gaishe ni, yac ce in na koma in ce ma uwarshi na gan shi lahiya. Ban tambayi sunan uwar ba, shi ma bai hwaɗi ba.

Agadas gidan ƙanwar Agali munka sauka, sunanta Gaisha. Yanzu ga amsar tambayarku. I, mazansu ke ruhe huska, matan kuwa huska a sake, suna zaune cikin maza suna dariya da ƙarhi. Mijin Gaisha ko abinci za shi ci, ta ƙarƙashin rawani yake tura cokali, don wai abin kunya ne baƙuwa tsohuwa ta ga bakinshi. Hal munka baro gidan, in na gamu da shi a kasuwa ba ni gane shi. Kuma ɗaki da kayan ciki duk na mace ne. Gaisha tac ce in sunka ɓata, shi ke ɗaukar takalminshi shi hita. Nic ce, "Da haka ake Illela, da rabin mazan garin a tasha suke kwana."

Shayinsu kuwa, mutum shi zauna shina hura gawayi shina ɗaga buta sama awa mai aikin kirki, a ƙarshe a miƙo maka abin da bai cika murhin kwalba ba, ɗaci awa maɗaci. Sai an yi zagaye uku, kuma ba a tashi kahin na ƙarshe. Amma hurarsu ta yi: gero da cuku da dabino a daka wuri ɗaya, a dama da ruwa. Ita kaɗai haƙorina ya yarda da ita.

A gidan nan Luba tay yi kwanakin da sunka hi kowane daɗi a rayuwarta, in ban yi ƙarya ba. Garin bushe, rana tas, ƙashinta shiru. Sunka yi mata kitsonsu, sunka sa mata baƙar rigarsu mai aikin zare ja da hwari a wuya. Ta juya rigar ciki waje tana bin ɗinkin da yatsa, tac ce, "Tsohuwa, in mun koma wanga za ni ɗinka ma 'yan matan Illela. Sallar bana ba mai zuwa Ƙonni ɗinki." Nic ce a raina, lalle mun yi dabara. Da mun tsaya nan mun juyo, da yanzu wani labari nike rubutawa.

Agali yaz zo da motarshi ba kaya, munka hau gaba. Hanyar duwatsu ce baƙaƙe awa an ƙone su. Gindin dutsen akwai garake, albasa da alkama da lemu da rumman. Raƙumi ke ja musu guga, shi tahi shi dawo, ruwa shi zubo cikin babbar hanya, ta rabu ƙanana, ƙananan su rabu, hal kowane hwangali shi samu nashi. Ku riƙe wanga, za ni dawo kanshi.

Bagazam mota ba ta hawa. Jakkai anka kawo. Hanyar wata tsaga ce cikin dutse, wani wuri jaki shi ƙi, sai an sauka an taka. Ni tsohuwa ina haki, ba abin mamaki ba ne. Amma Luba ta hi ni. Ta yi taku kaɗan ta dahwa dutse, baki buɗe.

Nic ce, "Malama, mi ne ne?"

Tac ce, "Ina jan iska, amma awa ba ta isa ciki. Awa in sha kunu da rariya."

Agali yac ce, "Kowane baƙo haka yake yi, Inna. Iskar bisa ba ta da nauyi. Jiki za shi saba."

Ba ƙarya yay yi ba, ni jikina ya saba. Nid dibi leɓenta ya yi duhu, hwarcenta ya yi toka-toka, yatsun sanyi ƙalau. Nic ce gajiya ce.

Abu na biyu, ƙasar ranar da munka zo nema ta tsaya can ƙasa. Bisa dutsen sanyi ne. Rana na bisa kai amma iska na yanka kunne, ruwan alwala na cizo. Ƙauyen 'yan bukkoki ne da ɗakunan dutse, awaki ko'ina. Tima ta girme ni, 'yar ƙarama, hannunta baƙi da shuni, ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa. Ta tarbe mu awa 'yan'uwa, tas sa anka yanka ɗan akuya. Ta kwantar da Luba, tash shahwa cikinta da man shanu, tat taɓa nan tat taɓa can, tay yi magana. Agali yac ce, "Ta ce sanyi ya yi mata yawa a jini." Nic ce, "Allahu akbar. Gaya mata abin da nike hwaɗi ke nan tun yarinyar ga na goye." Ni da ita munka dubi juna munka gyaɗa kai, tsohuwa biyu, ba mu jin harshen juna amma bakinmu ɗaya.

Tab ba ta jiƙo. Tas sa wani gari bisa gyambon. Ba mu daɗe a ƙauyen ba, wata sahiya ciwon yat taso. Na ga tashinshi ba adadi, ban taɓa ganin irin wanga ba. Baya, ƙwauri, hannuwa, sannan ƙirji. Numhwashinta sama-sama awa na tattabarar da anka kama. Ba ta ko iya kuka. Ni kuwa abin da nis sani tun ina yarinya, abin da uwata tay yi, abin da kowace ɗayanku za ta yi: in sanyi ya kama mutum, a ba shi zahi.

Tima tak kawo kasko da garwashi, taz zuba ganye, hayaƙi yat tashi. Kun san surace, a ɗora tukunya a lulluɓe mutum. To nasu da hayaƙi ne. Cikin ɗan ɗakin dutse, anka ja ƙyaure, munka zaunar da Luba gaban kaskon, munka ruhe ta da wani bargo mai kauri na gashi, ita da kaskon duka. Tima ta danne gehe ɗaya, ni na danne ɗaya, don kada zahin shi tsere. Rana tsaka ce, ina jin awaki na kuka waje.

Daga ciki tac ce, "Tsohuwa, buɗe."

Nic ce, "Daure, Malama. Zuhwa ce ke hitar da shi."

"Buɗe."

"Saura kaɗan."

Ta sake hwaɗi, a hankali. Sannan tay yi shiru, jikinta yas saki. Nic ce ma Tima da hannu, kin gani, ya hwara sauka. Da munka ɗaga bargon, bakinta ya karkace gehe, miyau na zuba, hannun dama ya hwaɗi bisa cinya awa ba nata ba. Idonta biyu, tana kallona.

Mazan ƙauyen sunka ɗaure gadon kara da igiya sunka saɓa ta. Yadda sunka sauko da ita ta tsagar nan, Allah kaɗai shi biya su. Ni ina baya bisa jaki, ban san sanda zanena yat tsage ba. Tima ta biyo mu hal bakin tsaga tana kuka tana magana, ba mai hwassara mani. Agali na gaba riƙe da kan gadon, rawaninshi ya warware ya zube wuya, bai ko gyara ba. Ran nan nig ga bakinshi. Ashe yaro ne, bai kai Ummaru ba.

Wani gari gindin dutsen akwai ɗan asibiti, babban ma'aikacin suna ce mashi majo. Ya ga idonta da hwarcenta, yac ce, "Sikila ce?" Nic ce i. "Daga ina?" Agali yan nuna bisa. Majo yaj jawo wani inji mai aiki da hasken rana, yas sa mata roba a hanci, yaɗ ɗaura ruwa. Ina zaune ina kallo leɓen nan yah hwara washewa. Iska ce kawai cikin robar, wai zallarta. Ba ganye, ba allura.

Da ta samu kwana, yak kira ni waje bisa benci. Ban ji daɗin tambayarshi ba.

"Mama, wa yac ce ku hau da ita?"

Nic ce, "Ba wanda yac ce kada mu hau."

Yas sunkuyar da kai. Sannan yan nuna garkar da ke bayan asibitin yac ce, "Kin ga yadda ruwan can ke rabuwa? Haka jini yake. Babbar jijiya ta rabu, ta sake rabuwa, hal a kai waɗanda sunka hi gashin kai sirantaka. Cikin jini akwai 'yan ƙwayoyi, aikinsu dakon iska, su kai ma kowane lungu na jiki. Hanyar ta yi musu ƙunci, ɗaya ɗaya suke wucewa, suna lanƙwasa don taushi gare su. Naki haka suke. Nata kuwa, muddin suna ɗauke da iska lahiya lau. Da iska ta yi musu kaɗan sai su sandare, su tanƙware awa lauje, su yi danƙo. Ɗaya ta gitta, na baya su taru."

Nic ce, "Awa motar albasa a bakin iyaka."

Yac ce, "To. Kuma naman da ke gaban wurin bai samu iska ba, waɗanda sunka maƙale su ma tasu ta ƙare, su ƙara sandarewa. Abin na ciyar da kanshi. In a ƙashi ne, shi ne ciwon da kinka sani. In a hwatar ƙahwa ne, gyambo. In a huhu ne, iskar ta ƙara raguwa, ko'ina shi ɗauka. Nata ya kai ƙwaƙwalwa."

Nic ce, "To sanyin hwa? Ƙarya ne?"

"Ba ƙarya ba ne. Sanyi na tsuke hanyoyin. Ƙishirwa na sa jinin kauri. Amma bisa dutse, duk jan numhwashi guda iskar da ke shiga jini ba ta kai ta nan ƙasa ba. Ke ba ki ji sosai ba. Ita kowane taku cinye ta yake."

Nig gaya mashi zancen bargo da kasko, don ni ba ni ɓoye-ɓoye. Yar ruhe ido. Yac ce garwashi shi ma iskar yake ci, kuma abin da yake hitarwa guba ne. Nic ce, "Gaya mani gaskiya, bargon ne ko dutsen?" Yac ce, "Mama, dutsen kaɗai ya isa. Ban iya raba maki su." Na so shi ce ɗaya. Ko wane yac ce, da na san inda za ni aje abin. Bai ce ba.

Anka kai ta babban asibitin Agadas. Sunka ce sai an ƙara jini. Nim miƙa hannu, sunka ce na tsuhwa. Agali yab ba da nashi, da mijin Gaisha, wanda hal wurin ɗibar jini bai sauke rawani ba. Jinin Buzaye ne cikin Luba yanzu. Rai ya tsaya, ba ta mutu ba. Likitan can yac ce wurin da jini yay yanke a ƙwaƙwalwa, abin da yam mutu ya mutu, sauran sai a jira a gani. Gaisha ta kawo muna hura kullum. Ranar da za mu taso tan naɗe baƙar rigar nan tas sa cikin kayanmu, ban da ƙarhin ce mata ta bar ta.

Dawowa ba ni da abin ba ku labari. Hanyar ita ce dai. Na saye kujera biyu na kwantar da Luba bisa cinyata, ina ɗura mata ruwa da cokali, in ta jiƙa zane in canza, ba ruwana da idon kowa. Kunyar da ta hana ta sha, yanzu ba mai ita. A bakin iyaka an janye motar nan tuni, hanya sarai, sai baƙin tabo a ƙasa inda albasa ta ruɓe. Jandarman nan na nan. Ya gane mu, ya buɗe baki za shi yi wasan karatu, sai yal leƙa yag gan ta. Yam miƙo katin da hannu biyu. Ummaru na jiranmu ƙetare. Ya ɗauke ta awa jaririya, bai tambaye ni komi ba, hal yau bai tambaya ba.

Ige, ga hanyar da kike nema, na ba ki ita tiryan-tiryan, ba ki cewa na yi maki rowa. Mutanen can sun hi mu kirki. Tima ba macuciya ba ce, ko kuɗi ba ta karɓa ba. In jikarki ciwo ya taso, ki ɗumama ta da zane, ki ba ta ruwa, ki bar mata huska waje, ki kai ta asibiti. Kada ki hau da ita ko'ina. Ban ce za ta warke ba. Ni ban ga wanda yaw warke ba.

Luba na nan, ku da kuke tambaya ba ku shigowa. Gyambon na nan. Keken na zaure, na ruhe shi da buhu. Tana gane kowa. In ina rubutun ga tana gehena, in na juya baƙi baibai sai ta buga tabarma da hannun hagu, in goge in sake. Magana kuwa duk ta tahi, kalma ɗaya tar rage mata. In ruwa take so, ita take hwaɗi. In ubanta ya shigo gaishe ta, ita take hwaɗi. Likita ya ce haka abin yake, wata kalma kan maƙale, ba wai tana nuhin ta ba ne. Shi ya san wanga.

Na cire labulen ɗakin. Na sa Ummaru ya ɓalle ƙyauren, ya hwasa bango ya yi taga ta biyu. Ko zane ba ni ruhe ta da shi wuce ƙirji. Da sahen nan na kawo mata kunu, tad dube ni tac ce, "Buɗe."

Nic ce, "A buɗe yake, Malama."

Tac ce, "Buɗe."